Ƙafata ba ta jin magana idan ana kiɗa, ku ba ni shawara

Salam 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Ni magidanci ne na haura 35, amma da na ji kiɗa musamman kalangu sai ƙafata ta fara buga ƙasa kaina yana gyaɗawa, wallahi ba na sani sai an taɓa ni. Ran Asabar mun je gaisuwa gidan surukai, ina durƙushe gaban Baba ana biki a maƙwabta, ashe yatsuna suna ta bin kiɗan a kan tabarma ƙanin matata yana danne dariya. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Ciwo ne ko me?

Wani ɗan guruf: Hhhh Alhaji ko dai a kira mai ruƙiyya ne

Wata malamar asibiti: Kai daina tsorata shi. Ba ciwo ba ne ɗan uwa, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai tsara motsi yana farkawa da an ji bugu mai maimaituwa ko da mutum yana zaune shiru, domin ƙwaƙwalwa tana ta hasashen inda bugu na gaba zai faɗo, jiki kuma sai ya taya ta ƙirga. Kiɗan da ya fi jan mutum shi ne wanda mai gangar ke ɗan gocewa kaɗan ya dawo, idan ya miƙe ɗoɗar gundura yake, idan ya rikice da yawa ba ya biyuwa. A 2022 a jami'ar McMaster ta Kanada sun saka wani sauti mai kaurin da kunne ma ba ya kamawa a wajen wasan kiɗa da rawa, motsin mutane ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin ɗari ba tare da sun san an kunna komai ba. Jarirai ma da ba su kai shekara ba suna motsa jiki idan sun ji kiɗa.

Wani dattijo: Ɗana, mu da muka yi gayya mun sani. Gangar noma na tashi sai ka ga fartanya hamsin suna sauka tare, gajiya ta tafi. Kunyar surukai dai ka riƙe ta.

Malamar asibiti: Gaskiya ne Baba. Shawarata kar ka danne gaba ɗaya, ka mayar da motsin inda ba a gani, kamar babban yatsan ƙafa cikin takalmi, ko ka riƙe carbi hannu ya samu aikin yi.

Mai tambaya: Na gode Anti, carbin zan gwada. Takalmin kam a gidan surukai tun daga zaure ake cire shi.