'Yan mazan jiya, wa kuka sake haɗuwa da shi bayan an ajiye kaki?

Tsohon Saje, Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum. Kowace 15 ga Janairu in mun fito faretin tunawa sai in ga layinmu ya ƙara raguwa, wasu sun rasu wasu ƙafa ta ƙi. Shi ya sa nace bari in tambaya, cikin waɗanda kuka sha gwale-gwale tare a difo Zariya ko kuka kwana rami ɗaya, akwai wanda Allah ya sake haɗa ku? Kowa ya bamu nashi.

Ɗan ECOMOG, Daura:
Wa alaikumus salam oga Saje. Ni nawa ɗan Binuwai ne, Tibi. Jirgin ruwa ɗaya ya sauke mu, mu sojojin ECOMOG na kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, a tashar jiragen ruwa ta Freeport a Manrobiya, ƙasar Laberiya, cikin Agustan 1990, yaran madugun 'yan tawaye Charles Taylor na ta ruwan wuta tun ba mu gama sauke kaya ba, lokacin ma kwamandan ɗan Gana ne, Quainoo, kafin a kawo Dogonyaro. To ni Bafillace shi Tibi kun san wasan da ke tsakani, kullum sai nace ya biya ni saniyar kakana da suka cinye, shi kuma yace in fara biyan kuɗin ciyawa. Ranar da ɓarɓashin bam ya same ni a cinya shi ya saɓa ni a kafaɗa, ga bindigarshi ga tawa, yana gudu yana zagina wai ɗan Fulani ba nama sai nauyin tsiya, wlh ina jin zafi ina dariya. Da muka dawo aka rarraba mu, ba waya lokacin, shikenan. Sai 'yarshi ta gano ɗana a Facebook saboda wani tsohon hoto da yaron ya ɗora. Bikin autata da kanshi ya zo Daura da doya cike da but, na kai shi Kusugu ya ja ruwa, aka ɗaura aure yana zaune cikin 'yan uwana da hula kamar liman, alhali dattijon coci ne. Har yau saniyar dai bai biya ba.

Jikan Baba, Rafindadi:
Baba ne ke faɗa ina rubuta mashi, ido ya yi rauni. Yace shi a runduna ta 2 yake ƙarƙashin Murtala, yana cikin waɗanda aka zuba a jirgi daga Asaba za a tsallaka kogin Neja zuwa Anaca a 1967 lokacin yaƙin basasa, kuma ba ya son a tambaye shi abin da ya gani a ruwan nan. Anaca bai faɗo hannun sojan tarayya ba sai Maris 1968. Yace wajen tantancewar fansho wani tsoho ya tsare shi da ido, can sai ya karanto mashi lambarshi ta soja tiryan-tiryan, sunan ya ɓace mashi amma lambar tana nan. Ashe tare suka fito daga kogin. Mutumin Zuru ne. Suka zauna ƙasa suna kuka har layi ya wuce su.

Hajiya, Sabuwar Unguwa:
Ni ba soja bace amma ku bani dama. Maigidana soja ne, ya rasu a Firitawun ta ƙasar Saliyo lokacin da 'yan tawaye suka shigo gari a Janairun 1999, ko gawa bamu gani ba. Abokan da suka shiga aiki tare har yau duk azumi sai buhun shinkafa ya iso gidana, wani daga Jos wani daga Ilori, wasunsu ban taɓa ganin fuskarsu ba sai murya. Auren babbar 'yarmu su suka yi gado da katifa. Dangin uba kuwa bari in yi shiru.

Kofur mai ritaya, Mashi:
Allah ya jiƙan shi Hajiya. Amma a faɗi gaskiya ba kowa ba. Akwai wanda muka ci garau-garau kwano ɗaya muna kurata, ya samu hafsa ya yi sama, na je gidanshi a Kaduna aka bar ni bakin get har la'asar, daga baya yaro ya fito mani da kuɗin mota. Ban karɓa ba. Gaisuwa ta kai ni ba roƙo ba.

Tsohon Saje, Ƙofar Marusa:
Kofur irinsu akwai, anini na sa wasu mantuwa, amma ka ƙirga nawa suka buɗe maka ƙofa tukuna. Hajiya ki gaida yaran. Af, wani dattijo nan Ƙofar Sauri yana cigiyar waɗanda suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan wajen 1980, yace ko mutum ɗaya ne a haɗa su, in akwai wanda ya sani ya yi mani magana.