Wai wani daga Amurka zai sayi zanena, gaskiya ne ko damfara?

Mai Zane Agege:
Salam jama'a, don Allah ku ban shawara. Ina zanen fuskoki da fensir ina sawa a Instagram, to wani ya turo min imel wai matarsa ta ga aikina zai saya mata zanena guda uku, ko tayi bai yi ba, yanzu kuma ya ce ya yi kuskure kuɗin da ya turo sun haura da dala 400, in tura wa mai ɗaukar kayansa rarar. Risit ya shigo imel amma asusuna shiru.

Ɗan Idi-Araba:
Kar ka tura ko sisi ɗan'uwa. Risit ɗin na bogi ne, duba adireshin da ya turo shi, za ka ga Gmail ne ko an sauya harafi ɗaya a sunan kamfanin tura kuɗin. Ko ceki ne ma banki kan nuna kuɗin kafin ya gano na jabu ne, sannan ya cire abinsa.

Hajiyar Obalende:
Wallahi ɗana abin na min ciwo, guminku suke bi. Ka tambaye shi wane zanen yake so, ba zai iya faɗa ba.

Mai Zane Agege:
Na tambaya Hajiya, ya ce “duk masu kyau ne”. Na toshe shi, Allah ya saka.