Me ya fi ƙuntata wa manomin ƙasar Zazzau a ƙarni na 19?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manya da masana. Ƙasar Zazzau tana samun ruwan damina fiye da Kano da Katsina, to mene ne ya sa gidan talaka a ƙauye yake shan wahala a wancan zamani, har tsofaffi suna ba da labarinsa da alhini?

Malamin Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. A ganina, abin da ake karɓewa daga hannun manomi ya fi ƙarancin amfani yi masa illa. Bayan Malam Musa, mai tutar jihadin Shehu Ɗanfodiyo, ya karɓi Zazzau a 1808, talaka yana fitar da zakkar hatsi, yana kuma biyan kuɗin galma, wato harajin garmar noma, da kuɗin wuri, ga kuɗin shuka a kan rake da sauran kayan fadama. Gidan da yake da ƙarti da yawa a gandu yana iya jurewa, amma wanda maigida ne kaɗai da ƙananan yara, idan ciwo ya kwantar da shi lokacin noman fari, ciyawa ce za ta cinye dawar, jakada mai karɓar haraji kuwa ba zai fasa zuwa ba.

Hajiya daga Samaru: Malam ya yi gaskiya, sai dai kada a manta da mata. Tsakanin shuka da nunar gero rumbu yakan ƙare, kuma uwa ce take shiga daji neman tafasa da yaɗiya, ta kwana tana kaɗin auduga domin ta sayar da zare ta auno hatsi.

Dattijon Kwarbai: Allah ya gafarta Malam, ni na fi ɗora nauyin a kan rashin tsaro. Ningawa sun addabi gabashin ƙasar da hari, daga baya kuma Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya matsa wa yammacinta. Mahara kan faɗa wa mutane suna tsakiyar aiki a gona, shi ya sa iyalai suka riƙa barin gonakinsu na nesa suna cunkushewa a garuruwa masu ganuwa, inda ƙasar kusa ta riga ta gaji. Idan aka kama ɗa ko mata, sai dangi su sayar da awaki da hatsi, su ci bashi, su tara kuɗin fansa, wanda kuwa ba shi da mai fansarsa yakan ƙare bawa a rinjin wani, wato ƙauyen bayi, yana noma gandun da ba nasa ba.