Baƙin Al-Nassr: An Ci Riba ko An Zubar da Kuɗi?

Baban Hauwa: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa na yi wata magana aka taso mini kamar na yi saɓo, to ga ta nan kuma. Al-Nassr, kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Saudiyya, ba ta ci ribar kwaso manyan baƙin 'yan wasa ba. A 2019 ta ɗauki kofin lig, lokacin Ahmed Musa yana can. Ronaldo ya zo a Janairun 2023, aka ƙaro Sadio Mane daga Bayern, Brozovic daga Inter, Laporte daga Man City, amma sau uku a jere kofin yana wuce su: Ittihad, Hilal, sai Ittihad kuma. An yi ba a yi ba ke nan.

Ɗan Madrid: Wa alaikumus salam. Baban Hauwa, da girmanka, shi Ahmed Musan a Riyadh aka yanke masa cibiya? Daga Leicester aka sayo shi. Wanda ya ci musu ƙwallo 34 a waccan kakar kuwa Hamdallah ne, ɗan Maroko. Ashe da can ma baƙin ne suka ɗauko kofin. Kuma wa ya goge tarihin Hamdallah? Ronaldo, da 35.

Baban Hauwa: Ƙanena, baƙo kala biyu ne. Akwai wanda aka sayo don ya yi gudu, akwai wanda aka sayo don a ɗauke shi hoto. Neymar wasa nawa ya buga wa Hilal kafin ya koma Santos? Bakwai.

Ɗan Madrid: Rauni ne ai, ba shi ya ɗora wa kansa ba.

Mai Gidan Kallo: Ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Shekara tara ina wannan sana'ar, kafin 2023 ko mutum ɗaya bai taɓa tambayata wasan Saudiyya ba. Yanzu in na rubuta Nassr da Hilal a allon ƙofa, tun kafin in tayar da janareta yara sun cika benci biyu na gaba. Ranar da Nassr ta faɗi a bugun fenareti a wasan ƙarshe na Kofin Sarki a 2024, Ronaldo ya kwanta a fili yana kuka, wani yaro a wurina shi ma ya fashe da kuka, sai da muka rarrashe shi da ruwan leda. In wannan ba riba ba ce, ban san sunanta ba.

Baban Hauwa: Ribarka ce Malam, ba ta Nassr ba.

Alhajin Kwari: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗan kasuwa ne. Kuna lissafi kamar kulob ne ya ciro kuɗi daga aljihunsa. A Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya karɓi kashi 75 cikin ɗari na Nassr, Hilal, Ittihad da Ahli. Mai gida ɗaya, shago huɗu. Ko wanne ya ci kofi, aljihu ɗaya ne. Abin da suke saye shi ne suna, kuma ga shi an ba su gasar cin kofin duniya ta 2034. Da na je Umara bara, shagunan tsaraba rigar Nassr mai ruwan ɗorawa suke ratayewa gefe da jallabiyoyi. Ni kaina sai da na sayo wa jikoki uku, duk mai lamba 7.

Baban Hauwa: Allah ya ƙara buɗi Alhaji. Amma China ma haka ta fara. Oscar, Tevez, har su Mikel da Ighalo duk sun je. Jiangsu ta ci lig a 2020, cikin 'yan watanni aka rufe kulob ɗin baki ɗaya.

Alhajin Kwari: Can kamfanoni ne suka ci bashi suka durƙushe. Nan rijiyar mai ce a bayansu.

Koci: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni da nake horar da yara a filin firamare, ɗan gida nake kallo. Tawagar Saudiyya da ta doke Ajantina 2-1 a gasar kofin duniya ta Qatar, kaf ɗinsu a lokacin a lig ɗin gida suke wasa, kuma suna bugawa duk mako. Bayan nan aka yarda kulob ya zuba baƙi har takwas cikin sha ɗaya. Saura gurbi uku. Kuma ba a raba su daidai ba, don mai kuɗi ba ya kashe miliyoyi a kan ɗan baya na gefe, gaba yake saye da gola. To yaron Saudiyya mai buga lamba 9 ina zai sa ƙafa? Atisaye da Ronaldo ranar Talata, ɗumama benci ranar Juma'a. Mancini, kocin tawagar Saudiyya a lokacin, da bakinsa ya yi ta kukan cewa 'yan wasansa ba sa samun bugawa a kulob, kafin su rabu a Oktoban 2024.

Ɗan Madrid: Koci, mai koyarwa in ya gaza ba ya rasa abin faɗa. Shi da ya bar fili tun ba a gama fenareti da Koriya ta Kudu ba? Kuma zama da madaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Saud Abdulhamid daga Hilal Roma ta ɗauke shi. Hilal ɗin nan ta lallasa Man City 4-3 a Amurka a 2025, kowa ya gani.

Koci: Madalla. Wa ya ci ƙwallayen?

Ɗan Madrid: Hilal mana.

Koci: Marcos Leonardo biyu, Malcom ɗaya, Koulibaly ɗaya. Brazil, Brazil, Senegal. A raga kuma Bono, ɗan Maroko. Na yarda da kai a kan Abdulhamid, amma ka lura ɗan baya na gefe ne, wato gurbin da aka bar musu.

Baban Hauwa: Ni fa na sassauta kaɗan, maganar Alhaji ta shige ni. Amma kofi dai kofi ne.

Koci: Ɗan Madrid, kai ne ba ka fashin wasan Nassr. Kawo mini 'yan ƙasa biyar a cikinsu, ban da duba waya.

Ɗan Madrid: Al-Ghannam. Ghareeb. Sai wancan dogon na baya mai gemu...

Mai Gidan Kallo: Ga shi nan zaune a bencina yana latsa waya, ina kallonsa.