Kaiser Permanente: ana yaba masa tsari, to me ya kai ma'aikatansa yajin aiki?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya ɗaure mini kai. Duk inda ake koyar da tafiyar da asibiti sai an kawo misalin Kaiser Permanente na Amurka, wai gwani ne wajen tafiya da ma'aikata. Amma a watan Oktoban 2023 ma'aikatansa sama da 75,000 sun yi yajin aiki na kwana uku. Yaya aka yi haka? Kuma nas ɗin da aka yi wa tayin aiki a irin wannan katafaren kamfani, me za ta duba kafin ta sa hannu?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam, Malama. Sai an fara gane yadda kuɗi ke shiga. Kaiser, wanda aka kafa a 1945, hedkwatarsa a Oakland ta jihar Kalifoniya, abu uku ne a riga ɗaya: inshorar lafiya, asibitoci, da ƙungiyoyin likitoci masu albashi. Mutum sama da miliyan 12 ake biya wa kuɗin inshora duk wata, ko sun yi ciwo ko ba su yi ba. Saboda haka yawan kwantar da mutane ba ya ƙara wa kamfanin kuɗi, shi ya sa ya ba rigakafi ƙarfi. Sai dai a kowane asibiti albashi ne ya fi cin kasafi, kuma gurbin da aka bari ba a cike ba, a takarda tanadi ne, a ɗakin majinyata kuwa nauyi ne a kan wanda ya rage.

Yabon ya samo asali daga yarjejeniyar 1997 da ƙungiyoyin ƙwadago. Kowane sashe yana da tawaga mai jagora biyu, manaja da ma'aikaci. Su ɗauki matsala ƙarama, kamar jinkirin kai jini ɗakin gwaji, su gwada gyara na 'yan makonni, su auna, in ya yi a riƙe. Yana aiki ƙwarai. Iyakarsa ita ce tawagar za ta iya sauya wurin ajiye kaya, amma ba ta da ikon ɗaukar ko mutum ɗaya aiki. Kukan 2023 ke nan: ƙarancin hannu bayan korona da tsadar rayuwa. An sasanta a kan ƙarin albashi na kashi 21 cikin ɗari a shekara huɗu, da mafi ƙarancin dala 25 a awa a Kalifoniya, 23 a sauran jihohi.

Yaya Nas:
Ƙanwata, kada ki duba allunan da aka manna a bango, ki tambayi lissafi. Dokar Kalifoniya da ta fara aiki a 2004 ta ƙayyade majinyatan nas ɗaya: biyu a ɗakin kulawa ta musamman, huɗu a sashen gaggawa, biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari. Kuma kowane lokaci ne, har sa'ar cin abinci. In nas ta fita hutun minti 30, dole a samu wadda za ta karɓi majinyatanta. Inda aka ce "abokiyar aikinki za ta leƙa miki su", to mai biyar ta koma mai goma, kuma a wannan rabin awar ne tsoho ke saukowa daga gado shi kaɗai ya faɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne dokar ba ta ƙirga kowa sai nas. Ana iya cika ta cif, a rage masu taimako. Sai ki ga nas ita ce mai wanka, mai juya majinyaci, mai tura gado zuwa ɗakin hoto, maganin ƙarfe takwas ya koma tara da rabi. Ki lura, akasarin masu yajin 2023 irin waɗannan ne: ma'aikatan ɗakin gwaji da na hoto, mataimakan ɗakin magani, masu karɓar baƙi, masu tsafta.

Ki tambayi shugabar sashen: nas nawa suka bar ta a shekarar da ta wuce, gurbi nawa ne babu kowa, sati nawa sabuwa take yi tare da mai koya mata kafin a sake ta, kuma ko ana tilasta ƙarin awoyi. In ta fara kame-kame, kin samu amsa.

Likitan Dare:
Yaya Nas ta yi gaskiya. Ƙari ɗaya: yadda ƙarami yake yi wa babba magana. A Kaiser aka daidaita SBAR, wato tsarin ba da rahoto a taƙaice, don asibiti a farkon shekarun 2000, an aro shi daga sojojin ruwan Amurka. Gaɓa huɗu ce: me ke faruwa, me ya gabata, me kike zato, me kike so a yi. Ƙarfe uku na dare, maimakon "Dakta, mai gado shida bai yi mini ba", sai ta ce: hawan jininsa ya sauka 88/50, bugun zuciya 120, jiya aka yi masa aikin hanji, ina zaton yana zubar da jini ta ciki, ka zo cikin minti goma, kuma zan aika jininsa a nemo wanda ya dace a ƙara masa. Gaɓar ƙarshe ce ake haɗiyewa saboda tsoron tsawa. Wurin da nas ke faɗarta ba gargada, shugabancinsa na da lafiya.

Mai Neman Sani:
Allah ya saka da alheri. To in an ba ta majinyata fiye da ƙima a daren nan, ta ƙi karɓa?

Yaya Nas:
In ta riga ta karɓi rahotonsu, kada ta tafi, ana iya ɗaukar hakan yasar da majinyaci, lasisinta ya shiga haɗari. Kafin ta karɓa, ta gaya wa shugabar aiki da baki. In ba a gyara ba, ƙungiyoyin nas suna da fom na "na karɓa bisa ƙin amincewa". Ta rubuta rana, lokaci, yawan majinyata, tsananin ciwonsu da wanda ta sanar, ba tare da sunan majinyaci ba. Kwafi ɗaya ga manaja, ɗaya ga ƙungiya, ɗaya a jakarta.