Neman shawara: An ɗora mini kula da ma'aikata, ta ina zan fara gyara?

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan Gombe, mai ma'aikata fiye da 60, kuma kwanan nan maigidan ya damƙa mini sashen kula da ma'aikata. Yawancin mutanenmu ba su da takardar kama aiki, domin ta hanyar dangi da alfarma suka shigo, sannan matasan da muka horar a kan injuna suna barinmu da zarar hannunsu ya faɗa, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya fara cinye albashi. Ina son gyara, amma ina tsoron a ce yarinya ta zo tana koya wa manya aiki.

Amsar wani tsohon jami'in gudanarwa daga Bauchi:
Wa alaikumussalam, 'yata. Ki fara da takarda kafin komai. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, kuma ta tsara wa'adin sanarwa kafin sallama, wanda ya kai wata ɗaya ga wanda ya shekara biyar. Kamfani mai yawan mutanenku ba ya cikin waɗanda aka ɗauke wa biyan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sanya wa hannu a 2024, haka kuma dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, shi kuma ma'aikaci kashi 8. Idan za ki je wurin Alhaji, kada ki ɗauki maganar haƙƙin ma'aikata a gaba, domin zai ji kamar tuhumarsa kike yi. Ki lissafa masa abin da zai iya biya idan wanda aka kora da baki ya kai ƙara kotun ma'aikata, ki bar shi ya kwana da lissafin.

Amsar wata ma'aikaciyar banki:
Baba ya yi gaskiya, sai dai ni ina ganin takarda ba za ta riƙe matasan nan ba. Wanda ya ƙware a kan inji yana kallon ƙanen matar maigida, wanda bai san komai ba, an ɗora shi a kansa, kuma ya san ko shekara goma ya yi haka zai zauna. Ƙanwata, ki tsara matakan ƙarin girma ko da uku ne, ki bayyana abin da ke kai mutum kowane mataki, sannan ki zauna da duk mai shirin tafiya ki ji dalilinsa. 'Yan alfarma kuwa kada ki yaƙe su yanzu. Ki nemi a amince cewa daga yau kowa, ɗan gida ko bare, sai ya yi watannin gwaji.

Amsar wani malamin jami'a:
Malama, ki nemi rajista da CIPM, cibiyar da doka ta ba ikon tsara sana'ar kula da ma'aikata tun 1992, domin shaidarta za ta ƙara wa maganarki nauyi. Ki kuma kula da fayilolin ma'aikata idan kuka mayar da su kwamfuta, saboda dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi lambobin asusu da bayanan lafiyarsu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, masu dako da ake biya kullum fa, su ma sai an rubuta musu takarda?

Tsohon jami'in:
Wanda yake zuwa kullum tsawon watanni, sunan ɗan dako ba zai raba shi da haƙƙinsa ba. Ki buɗe musu rajista mai ɗauke da ranar farawa da abin da ake biyan kowa, ki kai wa lauyan kamfanin ya duba kafin ki gabatar wa Alhaji.