Rigar roba ko rigar hana ruwa: abin da aka cimma

Na tattara shawarwari kan rigar da ta fi dacewa da ruwan sanyi daga masu zamiya da allo mai filafili (allon da ƙarfe mai fiffike a ƙarƙashinsa ke ɗaga shi sama da ruwa) a tekun Baltik na arewacin Turai, inda ruwa kan sauka ƙasa da digiri 5 a Fabrairu.

1. Kowa ya yarda: ruwa mai digiri 10 zuwa sama, rigar roba ta niyofirin (roba mai riƙe ɗumi ko ta jiƙe) mai kaurin milimita 5 ta isa. A nemi mai santsi a ƙirji da baya, domin mai zamiya ya fi daɗewa a iska, kuma iskar ce ke sace ɗumin jiƙaƙƙiyar riga.

2. Ƙasa da haka ne aka rabu. Masu rigar hana ruwa sun ce jiki a bushe yake, amma ita kanta ba ta ɗumi, tufafin da ake sawa a ƙarƙashinta ne ke yi: ulu, ban da auduga. Ɗaya ɓangaren suka ce idan ƙarfen allo ya yage ta, ko robar wuya ta tsage, ruwan ƙanƙara ya cika ta nan take, iyo ya yi wuya. Rigar roba kuwa ko ta yage tana riƙe ɗumi. Ni dai wannan hujjar ta fi kama ni, musamman ga mai yawan faɗuwa.

3. Kuɗi: ta hana ruwa ta fi tsada, zik ɗinta na son kulawa.

4. Hula da takalmin roba dole ne. Safar hannu mai kauri na gajiyar da damtse, da yawa sun zaɓi mai buɗaɗɗen tafi.

5. A tsuguna a fitar da iskar cikin rigar hana ruwa kafin shiga, a gwada ta a bakin gaɓa, kuma kada a fita shi kaɗai.